Sharar asibitin unguwarmu: murhun ƙonawa za mu gina, ko akwai abin da ya fi shi gaggawa?

Sakataren kwamitin mazaɓa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti da na tsabtar muhalli a kan wata matsala da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Ni ne sakataren kwamitin ci-gaban mazaɓarmu, kuma cikin abubuwan da aka ɗora mana har da sa ido a kan ƙaramin asibitin gwamnati da ke unguwar, inda ake awon ciki da rigakafin yara da karɓar haihuwa, ban da marasa lafiyar da ake dubawa a ba su magani su koma gida.

A bayan ɗakin haihuwa akwai wani rami da zurfinsa bai kai ƙugun mutum ba, kuma duk abin da ya fito daga asibitin a nan ake jibge shi: audugar da ta sha jini, ledar ƙarin ruwa da igiyarta, sirinji da allurarsa, kwalaben magani, tsofaffin katunan awo, har da ɓawon rake da ragowar abincin masu jinya. Idan ramin ya cika, dattijon da ke share asibitin yakan yayyafa kananzir ya ƙyasta ashana. Da rani wutar takan lashe sama ta bar ƙasa, da damina kuwa ba ta ma kamawa, sai ruwa ya ɗebi abin da ya ɗeba ya bi kwata da shi. Katangar wannan ɓangaren ta zube tun daminar bara, don haka awaki suna shiga, yara ma suna shiga.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne, a makon jiya malamin Islamiyyar da ke maƙwabtaka da asibitin ya karɓe sirinji uku daga hannun ɗalibansa, suna zuƙo ruwa a buta suna fesa wa juna. Ɗaya daga ciki da allurarsa a jiki, ta lanƙwashe ta yi baƙi da hayaƙi, alamar cewa daga cikin tokar ramin aka tono ta. Ga kuma rijiyar da maƙwabta ke ɗiba, wadda na auna da ƙafata na samu taku talatin ne tsakaninta da ramin.

Mun yi taro mun tara ɗan abin da Allah ya hore, amma kan 'yan kwamiti ya rabu. Wasu sun ce mu gina murhun ƙona shara na bulo irin wanda ake gani a manyan asibitoci, wasu sun ce mu fara tayar da katanga, wani dattijo kuma ya ce a haƙa rami mai zurfi kawai a huta. Kuɗin ba za su ɗauki duka ba. Wanne ya kamata mu sa a gaba, kuma mene ne ƙa'idar da aka sani a kan wannan aiki, domin kada mu je gaban shugabar asibitin da maganar da ba ta da tushe?

Tsohon duba-gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri da kuka ɗauki abin da muhimmanci. Na yi shekaru ina zagayen irin waɗannan asibitoci kafin in ajiye aiki, kuma ramin da ka siffanta na san shi kamar tafin hannuna, domin kusan kowane asibitin ƙauye yana da irinsa. Sai dai zan ce maka duk shawarwarin ukun da kuka kawo sun soma ne daga bayan asibiti, alhali matsalar daga cikin ɗaki ta taso, daga kan teburin da ake yin allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sharar da asibitoci ke fitarwa shara ce irin ta gida: takardu, kwalaye, ledoji, ragowar abinci, ganyen da aka share a tsakar gida. Kashi 15 ɗin da suka rage ne masu haɗari. Amma da zarar an zuba su a bokiti ɗaya, audugar jini ta shafi takarda, allura ta ɓuya a cikin ɓawon ayaba, to duka sun zama masu haɗari, kuma sai ka tarar kana neman kuɗin ƙona buhu bakwai alhali buhu ɗaya ne tun farko yake bukatar kulawa ta musamman. Wannan shi ya sa raminku yake cika da wuri, shi ya sa kuma wutar ba ta cinyewa, tunda jiƙaƙƙen abinci da ganye ba sa ci.

Rarrabewar da launi ake yin ta, kuma a wurin da sharar ta samu ake yin ta, da hannun wanda ya yi aikin. Baƙin bokiti na sharar gida ne. Mai ruwan ɗorawa na duk abin da ya taɓa jini ko mugunya ko wani ruwan jiki ne, kamar auduga da bandeji da safar hannu. A tsarin da aka saba koyarwa a Najeriya akwai ja na abin da haɗarinsa ya tsananta da kuma sassan jiki, sannan ruwan ƙasa na magunguna da sinadarai. Idan babu ledoji masu launi, ba uzuri ba ne, domin na ga inda aka sayi bokitan roba masu murfi a kasuwa aka shafa musu fenti aka rubuta sunan kowanne da manyan baƙaƙe, aiki ya tafi daidai. Abin da ake so shi ne kowane ɗakin da ake taɓa majinyaci ya kasance yana da nasa, kusa da hannun ma'aikaci, kada sai ya taka zuwa baranda da abu a hannu.

Allura da reza da wuƙar tiyata da fasasshiyar kwalba kuwa ba sa shiga kowane bokiti. Kwalinsu daban ne, wannan mai ruwan ɗorawa da ake kawowa a shimfiɗe tare da kayan rigakafi a naɗa shi a asibiti, mai cin lita 5, wanda yakan ɗauki sirinji kamar 100. Ana jefa sirinjin da allurarsa nan take bayan an zare ta daga jikin mutum, ba a mayar mata da murfi, ba a lanƙwasa ta, ba a cire ta da hannu. Idan kwalin ya kai kashi uku cikin huɗu sai a rufe bakinsa a ajiye shi a ɗaki mai kwaɗo, inda ruwa ba ya zuba, kuma ba a zazzage shi don a sake amfani da shi. Sirinjin da aka karɓe a hannun yaran nan shaida ne cewa ko dai kwalayen sun ƙare ba a nemo wasu ba, ko kuma suna nan a jibge a sito ba a naɗa su ba. Ka fara tambayar wannan cikin ladabi kafin komai.

Game da rijiya, taku talatin ya yi kusa ƙwarai. Abin da ake koyarwa shi ne ramin binne sharar asibiti ya yi nesa da rijiya ko rafi da aƙalla mita 50, ya kasance a gangaren ƙasa da rijiyar yadda ruwan sama ba zai gudu daga ramin zuwa gare ta ba, sannan gindinsa ya bar kamar mita 2 tsakaninsa da inda ake tarar da ruwa a ƙasa. Ka lura da wannan sharaɗi na ƙarshe, domin shi ne amsar dattijon da ya ce a zurfafa rami kawai. A garin da ake samun ruwa a gaba uku ko huɗu lokacin damina, zurfafa rami gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ku leƙa rijiyar a watan Agusta ku ga inda ruwa yake tsayawa, wannan shi ne ma'auninku, ba na bazara ba. Kuma duk ranar da aka zuba shara a ramin sai a bi ta da ƙasa mai kaurin kamar santimita 10 zuwa 15, wanda zai hana ƙuda da ɓera da wari.

Saboda haka idan ni ne, da kuɗin da ke hannu zan sayi bokitai masu murfi, in tabbatar kwalayen allura ba sa yankewa, in kewaye wurin sharar ko da da waya ce ko langa-langa a sa ƙofa da kwaɗo. Murhu ya jira. A yanayin zafi irin namu ma ba a so shara mai ɗauke da cuta ta wuce awa 24 a ajiye lokacin bazara, ko awa 48 lokacin sanyi, kuma asibitin da ya rarrabe sharar sosai zai ga abin da ya rage masa a rana bai wuce rabin leda ba.

Wata ungozoma ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, Malam Sakatare. Baba duba-gari ya faɗi gaskiya, kuma ba ni da abin da zan rage a maganarsa, amma ina so in ƙara mutum ɗaya da ba a sa shi a lissafi ba, wato dattijon nan mai shara da ka ambata a cikin jimla ɗaya ka wuce. A duk asibitin, shi ne wanda ya fi kowa kusa da haɗari, shi ne kuma wanda ba a taɓa tura shi bita.

A wani asibiti da na taɓa aiki, muna da wata baiwar Allah mai share mana ɗakin haihuwa. Wata safiya ta ɗaga ledar shara ta rungumo ta a gefen cinya kamar yadda ake ɗaukar ƙullin wanki, sai allurar da wani ya jefa a ledar da daddare ta huda leda ta huda zane ta shige ta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta matse wurin, ta shafa ruwan bilic, ta ci gaba da aikinta, sai bayan kwana biyar na ji labarin a bakin wata. Da na tambaye ta dalilin shirun, sai ta ce tana tsoron a ce ta yi sakaci a sallame ta, tunda ba ta cikin ma'aikatan dindindin. Allah ya tsare, gwaje-gwajen da aka yi mata daga baya ba su nuna komai ba, amma watannin da ta yi tana jira ba na fatan kowa ya ɗanɗana su.

Ga abin da ya sa shirun yake da tsada. Idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da cuta ta soki mutum, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna yiwuwar kamuwa da ciwon hanta nau'in B tana kai kashi 30 cikin 100, nau'in C kashi 1.8, cuta mai karya garkuwar jiki kuma kashi 0.3, wato uku cikin dubu. Mutane sun fi jin tsoron ta ƙarshen, amma ta farkon ce ta fi saurin kama mutum, kuma ƙwayarta tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. Abin farin ciki shi ne tana da rigakafi, allura uku ce: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida da ta farko. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, don haka duk wanda ya manyanta kamar mai sharar ku, da wuya a ce ya samu. Idan kwamitinku zai kashe kuɗi a kan abu ɗaya a wannan makon, ni dai a gwada shi a yi masa wannan rigakafi da ta sarƙewar haƙora, a saya masa safar hannu ta roba mai kauri wadda ta kai gwiwar hannu, da takalmin ruwa, da atamfar roba ta gaba, da baro. Safar da muke sawa wajen duba majinyaci ba ta tare allura, kuma silifas ba takalmin shiga wurin shara ba ne.

Idan tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada a matse, kada a tsotse, kada a zuba bilic a kan rauni. A sanar da shugabar asibiti nan take, domin maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki ana so a fara shi cikin awannin farko, ba ya amfani idan an wuce awa 72, kuma kwana 28 ake yi ana sha. Wannan ya shafi yaran Islamiyyar ma: a tambaye su cikin lallashi, ba da bulala a hannu ba, ko akwai wanda allurar ta taɓa soka, a kai shi a duba.

Sai maganar mabiyiya, wadda maza ba su cika tunawa da ita ba idan suna tsara wurin shara. A wurinmu yawancin iyalai suna karɓar tasu su tafi da ita gida a binne, kuma ban ga dalilin yin faɗa da wannan al'ada ba. Abin da nake yi shi ne in sa ta a leda biyu ko roba mai murfi, in gaya wa kakar jaririn ta binne ta da zurfi a ranar, nesa da rijiya, inda kare ba zai tono ba, ta kuma wanke hannu da sabulu. Wadda aka bari a asibiti tana bukatar raminta daban mai murfin siminti da ƙaramar ƙofa, wanda ba a jefa leda a ciki kuma ba a cinna masa wuta. Jinin da ya zuba a ƙasa kuwa da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 ake goge shi. Idan bilic ɗin kasuwa ne mai kashi 3.5, ma'auni ɗaya ake zubawa a ma'auni shida na ruwa, kuma kullum ake haɗa sabo domin ƙarfinsa yana gushewa.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, idan za ku je wurin shugabar asibitin kada ku je da fuskar tuhuma. Mace ɗaya ce sau da yawa take awo, take allura, take karɓar haihuwa cikin dare da fitilar waya. Idan kuka shigo da bokitai a hannu za ta saurare ku fiye da idan kuka shigo da takardar ƙorafi.

Wani injiniyan gine-gine ya amsa:

Ranka ya daɗe Sakatare, ni ta fuskar murhun zan yi magana, tunda na taɓa sa hannu a gina irinsa kuma na koma bayan shekara biyu na ga abin da ya zama. Abin da maginin unguwa zai gina muku idan kuka ce masa murhun ƙona shara, ɗaki ne ƙarami na bulon siminti da bututun hayaƙi a sama. Bulon siminti ba ya jure wuta, cikin 'yan watanni zai tsattsage, ƙofar ƙarfen ta lanƙwashe, a koma cinna wuta a gefensa. Ko kafin ya lalace ma zafinsa ba ya kaiwa inda ake so, hayaƙin ramin nan ne dai aka ɗaga shi sama kaɗan.

Ba tsabta kaɗai ta sa ake maganar zafi ba. Ledar jini da igiyar ƙarin ruwa da wasu kayan roba na asibiti ana yin su da robar PVC mai ɗauke da kulorin, kuma idan aka ƙone ta a wuta mai rauni tana fitar da gubar da ake kira dayoksin da furan. Waɗannan ba sa ruɓewa da wuri, suna sauka a ƙasa da ciyawa, awaki da kaji su ci, su taru a kitse da nono da ƙwai, daga nan su shigo jikin mutum. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga jikin ɗan Adam ta hanyar abinci yake shiga. Suna cikin gubobin da yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta wajabta wa ƙasashe ragewa. Injinan da ke cika ƙa'idar duniya a kan wannan hayaƙi su ne masu ci a digiri 850 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas tare da na'urar tace hayaƙi, kuma wannan ba abin da kwamitin mazaɓa zai saya da karo-karo ba ne.

Akwai tsaka-tsaki, wato murhun De Montfort da aka zana a wata jami'a mai wannan suna a Ingila domin ƙananan asibitocin ƙasashe masu tasowa. Da bulo mai jure wuta ake gina shi, yana da ɗaki biyu, na farko yana cin sharar, na biyu yana sake cin hayaƙin kafin ya bi dogon bututu ya fita. Idan an gina shi daidai, an fara zafafa shi da itace kafin a sa shara, ana kuma zuba ta kaɗan-kaɗan, yana aiki. Idan aka cusa masa jiƙaƙƙiyar shara a sanyi aka watsa kananzir, to shi da ramin ku babu bambanci. Wanda na ce na koma na gani, abin da ya kashe shi ke nan: an canza wa wanda aka koya wa aikin wuri, wanda ya gaje shi bai san komai ba, ya riƙa jefa kwalaben allura a ciki suna fashewa har suka farfasa bulon. Ga shi kuma asibitinku yana jingine da makaranta da gidaje, alhali irin wannan murhu yana son fili da nisa daga mazauna, da la'akari da inda iska ke kaɗawa da hunturu da kuma da damina.

Shawarata ita ce ku je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku tambayi inda ake kai kwalayen allura lokacin gangamin rigakafin ƙyanda, domin a lokacin akan tattara su daga asibitoci a kai wurin ƙonawa guda. Idan hanyar tana aiki a makon gangami, ana iya neman ta yi aiki sau ɗaya a wata. Murhu ɗaya nagari da ke yi wa asibitoci goma aiki ya fi goma da suka tsage. A Legas hukumar kula da shara ta jihar, wato LAWMA, tana da tsarin kwasar sharar asibitoci daban da ta gida, kuma wannan ne alƙiblar da ya kamata a riƙa matsa wa jihohi su fuskanta.

Wata mai harhaɗa magunguna ta amsa:

Ƙarin bayani kaɗan a kan abin da bai kamata ya ga wuta ba ko da murhun ya yi kyau: gwangwanin fesawa da kwalaben da ke rufe, saboda suna fashewa, batura, da ma'aunin zafin jiki ko na hawan jini mai zaiba a ciki, domin zaiba tana tashi ta zama tururi mai guba, kuma saboda ita aka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013. Magungunan da wa'adinsu ya ƙare ba a zuba su a rami ko masai, ba a kuma ba mai shara ya san yadda zai yi da su. A rubuta sunansu da adadinsu, a kulle su a kwali daban, a mayar wa ma'ajiyar magunguna ta ƙaramar hukuma ko ta jiha, tunda lalata su aiki ne da hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa, NAFDAC, ke sa ido a kai. Wanda aka jefar a juji yana iya dawowa kan tiren mai talla a kasuwar ƙauye. Haka kuma kwalaben da babu komai a ciki, 'yan bola-jari suna tsince su a sayar wa masu ɗura turare da maganin gargajiya, don haka a tara su a durom mai murfi a cikin wurin da aka kulle.

Sakataren kwamitin mazaɓa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Jiya da yamma ni da shugaban kwamiti mun je mun gaisa da shugabar asibitin, kuma abin da Baba duba-gari ya yi hasashe haka muka tarar: akwai damin kwalayen allura a saman kabad ba a naɗa ba, wai ana adana su don ranakun rigakafi, sauran ranakun kuma a bokiti ake jefa sirinji. Ta ce idan ta yi amfani da su kullum za su ƙare kuma ba ta san ko za a ba ta wasu ba. Mun amince mu ajiye maganar murhu, mu sayi bokitai da kayan mai shara, mu kewaye wurin. Tambayata ta ƙarshe ita ce, yaya za mu yi da tsohon ramin da ke cike da toka da allurai, kuma idan ƙaramar hukuma ba ta zo ta kwashi kwalayen ba, ina za mu kai su?

Tsohon duba-gari ya sake amsawa:

Madalla, Malam Sakatare. Tsohon ramin kada ku sa kowa ya kwashe shi da shebur a kai wani wuri, domin motsa shi ya fi barinsa haɗari, kuma kada ku bari manomi ya ɗebi tokar da sunan taki kamar yadda ake yi da sharar gari. A tattara abin da ya warwatsu a gefe da manjagara, mai aikin yana sanye da takalmin ruwa da safa mai kauri, a tura shi ciki, a cike da ƙasa a daddanne, sannan a zuba masa kankare a sama ya zama murfi, a sa alama don kada wani ya zo ya haƙa tushen gini a wurin nan gaba. Rijiyar kuma ku nemi duba-garin ƙaramar hukuma ya zo ya gan ta a ɗauki ruwanta a gwada, kafin nan masu sha su riƙa tafasawa. Ragowar abinci ya daina zuwa bayan asibiti ko kaɗan, domin shi ke kiran ɓera, kuma ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, wadda ma'aikatan jinya ne ta fara kashewa.

Idan kwalayen suka taru babu mai kwasa, akwai hanya biyu da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Ɗaya ita ce ramin allura: ƙaramin rami da aka gina cikinsa da bulo aka shafe, aka rufe da murfin kankare mai ƙofa da kwaɗo, a wurin da ya cika sharuɗɗan nisa da rijiya da na faɗa. Ɗayar ita ce a samu durom, a jera rufaffun kwalayen a ciki har kashi uku cikin huɗu, a kwaɓa siminti da yashi ruwa-ruwa a zuba ya cike ko'ina, idan ya bushe a rufe a binne. Wanda ya tono wannan ba zai samu komai ba sai dutse.

Kuɗin kwalaye da ledoji da bilic kuwa bai kamata su dogara da karo-karonku har abada ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma asibitocin da aka tantance suna samun kasonsu kai tsaye don irin waɗannan ƙananan bukatu. Ka tambayi shugabar ko asibitinku yana ciki. Idan yana ciki, kwamitinku yana da bakin magana a lokacin da ake rubuta tsarin kashe kuɗin, sai ku tabbata an sa layin shara a ciki da adadin kwalayen da ake bukata a wata, wanda za ku samu idan kuka ƙirga alluran da ke cikin rajistar watan jiya kuka raba da 100.